Yayar Kowa Ban Da Ni

A barandar ma'aikatarmu, daura da ƙofar ɗakin taro, akwai wani dogon benci da fentinsa ya goge a gefe guda. Yayata ce ta goge shi da zama. Duk ranar da kwamitin sa ido kan ayyuka ya haɗu, ita ce a kujerar shugaba, tana juya manajoji da tambayoyi har sai gumi ya jiƙa musu riga. Amma da sakatare ya ambaci aikin da ke hannuna, sai ta rufe fayil ɗinta, ta cire tabarau, ta ce, "A rubuta cewa na fita." Ta wuce ta gabana ko kallo ban ishe ta ba, ta je ta zauna a bencin nan da jaka a cinya kamar mai jiran ganin likita. Sai na gama bayanina na fito, sannan ta koma ciki.

Doka ce: ɗan'uwa ba ya duba aikin ɗan'uwansa. Kuma abin haushin, ita ce ta tsaya kai da fata sai da aka kafa dokar, tun kafin a ɗauke ni aiki. Ban taɓa cewa dokar ba ta da kyau ba. Abin da nake cewa shi ne, a duk ma'aikatar nan babu wanda bai amfana da idon Yaya ba sai ni da muka fito ciki ɗaya.

Ita ce babba a gidanmu, ni ne auta. Mahaifiyarmu ta rasu ina rarrafe, Baba kuma direban babbar mota ne, wani lokacin sai mu manta kamanninsa kafin ya dawo. Saboda haka a bayan Yaya na girma, kuma tun a lokacin tana da wannan ciwo nata na tambaya. Ba a fita gidanmu haka nan. Za ta tare ka a bakin ƙofa: idan fa ruwa ya sauko? Idan fa takalmin ya tsinke a hanya? Idan ka dawo ba ka same ni ba, gidan wa za ka shiga? Sai ka ba da amsa sannan ta matsa. Na sha makara a makaranta saboda ina tsaye ina amsa tambayar abin da bai faru ba, kuma bulalar makarar ba ta taɓa shiga cikin lissafinta ba.

Da buga takardu ta fara a ma'aikatar. Ta yi aure, ta haihu, tana zuwa ajin yamma da goyo, jarrabawa bayan jarrabawa, wata ta ci wata ta faɗi ta sake. Ta taɓa ba mu labari cewa abin da ya tura ta wannan fanni haushi ne. Duk rahoton aikin da ya lalace da aka kawo mata ta buga, sai ta tarar da magana guda a ciki: abin da ba a zata ba ya faru. Gada ta tsaya saboda ruwan sama, an ce ba a zata ba. Mai kawo siminti ya yi jinkiri, ba a zata ba. Ta ce, "Yau damina ta zama baƙuwa? Kowace shekara tana zuwa, kowace shekara ba a zata ba?" A hankali ta hau, har ta zama ita ce mai kula da haɗurran ayyuka, daga baya shugabar kwamitin da ke ba da izini kafin kowane aiki ya wuce daga mataki zuwa mataki. A bayan idonta ana kiranta Hajiya Idan-Fa, kuma ta sani.

Tana da yadda take yi. Ba ta fara karanta tsarin da ka kawo. Za ta ajiye shi gefe, ta ce, "Ɗauka an gama, aikin ya rushe, ana zaginka a gari. Ba ni labarin yadda aka yi." Ka ga babban injiniya yana inda-inda yana tsara labarin faɗuwarsa da bakinsa. Duk abin da ya ambata kuma sai ta ce wa ke riƙe da shi. Idan ka ce ofishin sayayya, ta ce ofis ba ya ɗaukar waya, a ba ta mutum. Idan ka ba ta mutum, ta ce da me zai gane abin ya fara, kuma wa zai kira. Ba waliyyiya ba ce. Ta taɓa tsayar da ginin wata makaranta dogon lokaci don tsoron ƙasar wurin za ta zame, aka auna aka sake aunawa, ƙasa lafiya lau, yara suka ƙara shekara a ƙarƙashin rumfa. An zage ta, ta kuma ce ta yi kuskure a gaban kowa, washegari ta dawo da tambayoyinta ko gezau.

Da na gama karatun injiniya ban gaya mata na nemi aiki a wurinsu ba, ina so in ba ta mamaki. Ranar da na kai mata takardar ɗauka, ta karanta, sannan ta ce, "Ka san abin da ka yi? Ka rufe wa kanka ƙofata." Na yi dariya, na ɗauka wasa take yi.

A ofis na tashi daga Auta na koma Injiniya. "Injiniya, ina kwana." "Injiniya, an gode." Na haƙura da wannan, na ce tsarin aiki ne. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne zuwan wani dogon yaro da aka ɗauka bayana, mai sanyin murya, mai dariya daidai inda ake so a yi dariya. Aikinsa na farko shimfiɗa bututun ruwa ne. Ya shiga gaban kwamiti, Yaya ta yi kaca-kaca da shi, ya fito idonsa ja. Kowa idan aka yi masa haka sai ya riƙa canja hanya idan ya hango ta. Shi kuwa washegari da safe sai ga shi a ƙofar ofishinta, wai ya zo ta ƙara masa. Shi ke nan ya shiga ranta. Ni na sa masa suna Ɗan Lele, sunan kuma ya bi shi, ko da yake ba a faɗa a gabansa.

Wata rana ina hawa matakala da fayil a hannu, na ji muryarta daga sama tana cewa, "Auta!" Zuciyata ta yi fari. Na ce yau dai ta manta da doka. Na ɗaga murya na ce, "Na'am, Yaya!" Sai na ji wata muryar a bayana ita ma ta ce, "Na'am, Yaya," Ɗan Lele ya wuce ni yana tsallake matakala bibbiyu. Ashe shi ne autan manajoji, shi ya sa take kiransa haka, shi kuma ya ɗauki Yaya ya maƙala mata ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ta leƙo ta gan ni, ta ce, "A'a, Injiniya, ba da kai nake ba." Wallahi har yau ban manta wurin nan ba.

A gida ma ban tsira ba. Nakan kai mata ziyara ranar hutu da matata da yara. Mu gaisa, ta tambayi tarin ƙaramar 'yata, ta duba tayar motata ta ce ta suɗe. Da na ɗan karkata zance na ce, "Yaya, akwai wani abu a wurin aikin nan da ke ɗaure mini kai," sai ta ce, "Ka ci abinci, yana hucewa." Mijinta, tsohon malamin makaranta ne, ya riƙa dariya yana cewa, "Ƙanina, ni da nake aurenta ma ban san abin da ke cikin jakar nan ba." Ana haka sai a yi sallama, ga Ɗan Lele da taswira a naɗe a hammata. Su shimfiɗa ta a kan teburin cin abinci, teburin da ni na ɗauko shi a ka na hau da shi benen nan, su danne kusurwoyin da kofuna. Ni kuma in koma falo in zauna da yara muna kallon talabijin, ina jiyo ta tana ce masa, "A'a Auta, sake tunani. Idan fa mai haƙar ya ci karo da wayar lantarki?" Matata ta taɓa raɗa mini cewa in saki fuskata, yara sun fara tambaya ko ciwon haƙori nake yi.

Kishi nake yi, ba na ɓoyewa. Ba muƙaminsa nake wa kishi ba, don na girme shi a aiki. Yadda take tsaga aikinsa nake wa kishi. Na san Yaya: wanda take so shi take wa tambaya. Ni kuwa tun ranar da na shiga ma'aikatar nan ba ta sake tare ni a bakin wata ƙofa ba.

Ana cikin haka aka ba ni aiki mafi girma da na taɓa riƙewa. Wani asibiti ne aka gina masa sabon bene a bayan tsohon ginin, aka ce a kwashe marasa lafiya da gadajensu da na'urorinsu a mayar can cikin yini guda, ba tare da an rufe asibitin ba. Tsakanin gine-ginen biyu akwai doguwar baranda mai rufi, tana da kwana guda mai matsi, a ƙarshenta kuma lif ne da ke hawa da gado zuwa sama. Lokacin ritayar Yaya ya matso. Na san idan wannan ya wuce ba ta duba ba, ba za ta taɓa duba aikina ba har abada. Na je wurin darakta na roƙe shi a yi mini sassauci sau ɗaya, tunda rayukan mutane ne, a bar wadda ta fi kowa iyawa ta zauna. Ya ce shi ba shi da matsala, bari ya ji ta bakinta. Ta aiko da amsa cewa tunda rayukan mutane ne, shi ya sa ma ba za ta zauna ba. Kwamiti ya zaɓi wanda zai riƙe kujerarta a ranar. Ba sai na faɗi wanda aka zaɓa ba.

Na ɗaura ɗamarar cewa ba zai samu ko ƙofar allura ba. Na shirya atisaye. Na tara masinjoji da akawuna da direbobin ma'aikata, na kwantar da su a gadaje a matsayin marasa lafiya, aka rataya musu robar ƙarin ruwa, nas-nas na gaske suka tura su daga tsohon gini zuwa sabo. Mutanen nan sun ji daɗin ranar. Wani direba nishi yake yana kiran sunan matarsa, wani akawu ya ce a bar shi a gadon sai an tashi aiki. Komai ya tafi sumul, babu gadon da ya tsaya. Na sa aka ɗauki hoton bidiyo tun daga farko har ƙarshe.

Ranar zama, Yaya ta ce a rubuta ta fita, ta fita. Ɗan Lele ya koma kujerarta. Na yi bayani, na amsa tambayoyin lantarki da na iskar numfashi da na abin da za a yi idan lif ya tsaya, kowanne da mutumin da ke riƙe da shi. Sannan na kunna bidiyon ina jin kaina. Ɗan Lele ya zuba ido yana kallo. Da ya ƙare, ya cire tabarau ya goge da gefen riga, daidai yadda take yi, har da ɗan karkata kai.

Ya ce, "Injiniya, don Allah a ɗan mayar da shi baya. Nan, bakin lif. Hannun wane ne wancan da ya tare ƙofar?"

Na duba. Hannun masinja ne, wanda ke kwance a gadon. Ƙofar ta zo rufewa kafin gadon ya gama shiga, shi kuma ya miƙa hannu ya tare ta kamar yadda kowa ke yi.

Ya ce, "A ƙara mayarwa, wurin kwanar."

A kwanar, direban nan mai nishi, da ya ga ƙafarsa za ta goga bango, sai ya naɗe ta, aka wuce ya sake miƙewa ya ci gaba da nishi. Na bayansa kuma, da aka zo wata ƙofa mai gajeren kai, shi da kansa ya kama ƙarfen ƙarin ruwan ya karkata shi. Babu wanda ya sa su. Mutanen kirki ne, sun ga ogansu yana son abu ya yi kyau, suka taimaka. Ni da nas-nas da mai ɗaukar hoton duk muna wurin, babu wanda ya lura, don masu lafiya ne ke kallon masu lafiya.

Ɗan Lele ya ce a hankali, "Marasa lafiyanka suna da kirki, Injiniya. Idan fa na gaskiyar ba su iya taimaka maka ba?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Shi bai yi ba, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Aka ɗage ranar kwashewa sai an gyara an sake gwaji. Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce tun kafin ya rufe baki. Amma muryar yayata ce na ji tana fitowa daga bakin wani, da kalmominta, da tausasawarta, a kan aikina. Abin da na yi shekaru ina roƙo ya zo mini ta hannun aro.

Na fito na same ta a benci. Ta ji dariyar ta cikin ƙofa, ta kuma ga fuskata. Ta ɗauki jakarta ta shiga.

Da aka tashi aiki ban je gida ba, gidanta na nufa. Na same ta tana kwashe shanya. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

Na ce, "Ke kika ba shi?"

Ta ce, "Na ba shi me? Ni da ban ga aikinka ba."

"Ai abin da nake faɗa ke nan! Ba ki gani ba. Ba ki taɓa gani ba. Da kin ba ni ko rabin abin da kike ba yaron nan a kan teburin can, da ba a yi mini dariya yau ba. Ni ne ƙaninki, Yaya, ko shi?"

Ta ci gaba da ninke zanin gado, ta ce, "Idan na duba na ce ya yi, wa zai yarda ya yi? Za a ce ta wuce da ƙaninta. Idan na gyara maka a ɓoye, duk abin da ka gina a rayuwarka za a ce hannuna ne. Ina so idan aka yabe ka, a yabe ka kai kaɗai."

Na ce, "Ni ban nemi yabon kowa ba. Naki nake nema."

Ta tsaya da ninkin. Na ga idonta ya kawo ruwa, abin da ban gani ba tun rasuwar Baba. Sai ta ce, "Riƙe mini can," ta miƙo mini gefen zanin. Muka ninke shi tare.

Na koma na gyara. Wannan karon buhunan yashi na kwantar a gadajen, don yashi ba ya taimakon kowa. Na ɗaura katako yana leƙowa ta ƙarshen gado a madadin ƙafar da aka ɗaure. A gwajin farko katakon ya daki bangon kwanar har ya ɓantare siminti. Muka sassare kwanar muka faɗaɗa ta, muka sa wa lif makulli da mutum guda da aikinsa kawai riƙe ƙofa, muka sauya ƙarafan ƙarin ruwa da masu gajarta. Ɗan Lele ya riƙa zuwa ba a gayyace shi ba, yana naɗe hannun riga yana ɗaukar buhu. Na so ya yi mini gori ko sau ɗaya don in samu abin riƙewa, ya ƙi. Kwamiti ya sake zama, aka ba da izini.

Kafin ranar ta zo Yaya ta yi ritaya. A walimar bankwana kowa ya tashi ya faɗi ramin da ta hana shi faɗawa. Ɗan Lele ma ya tashi ya faɗi nasa. Da aka ce ƙaninta ya ce wani abu, na tashi na ce mun gode, Allah ya saka da alheri, na zauna, don ba ni da labari ko ɗaya. Washegari na ce mata yanzu ai doka ta sake ta, ta zo in zagaya da ita. Ta ce da bakinta aka naɗa kwamitin da ya ba ni izini, a bari sai an gama.

Sai ga shi ta faɗi ƙasa. Matar da ta sa wa banɗakin kowannenmu shimfiɗar roba, ta hana jikokinta gudu a kan matakala, ita ce ta yi tuntuɓe da takalmin jikanta a bakin ƙofar ɗakinta tana sauri ta ɗauki waya. Ƙashin cinya ya karye. Aka kwantar da ita a tsohon ginin asibitin nan, aka ɗaure ƙafar aka miƙar da ita, da nauyi yana reto a ƙarshen gado. Da an kwashe a ranar da na fara sawa, da kai tsaye sabon gini za a kai ta. Yanzu kuwa tana cikin waɗanda zan kwashe.

Ranar kwashewa wurina tebur ne a wani ƙaramin ɗaki kusa da ƙofar shiga, da oba-oba ta magana da ma'aikata a gabana. Ni na rubuta cewa shugaban aiki ba ya barin teburin nan har sai mara lafiya na ƙarshe ya isa, ni na rubuta cewa dangi ba sa bin gado a baranda. Likitoci ne suka tsara wa zai riga wa, ban da ta cewa. Kwamiti kuma ya turo mai sa ido da zai riƙa bin gadaje a hanya, Ɗan Lele ne dai.

Tun safe gadaje ke tafiya. An samu wata tukunyar iska da ta ƙi buɗewa, mai riƙe da ita ya sauya kafin in gama tambaya. Wata tsohuwa ta ce ba za ta tafi ba sai da butarta, aka nemo butar. Rana ta karkata sannan aka zo kan ɗakin masu karaya. Sai na ji muryar Ɗan Lele a oba-oba: "Yaya ta fito daga ɗaki."

Na danna na ce, "A riƙa faɗin lambar gado."

Ya ce, "To, Injiniya." Bayan ɗan lokaci ya ce, "Yaya ta kusa kwana."

Daga nan shiru. Na miƙe tsaye. Barandar tana nan bayan bango, da na leƙa ta taga ma zan iya hango rufinta. Na san faɗin kwanar nan fiye da yadda na san faɗin ɗakina, na san katako ya wuce ta ba sau ɗaya ba, amma katako ba shi ya goye ni ba. Hannuna yana kan ƙofa sai wani ya kira daga ɗakin yara yana neman izinin fitowa da gado. Na koma na zauna na ba shi. Sannan muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa kamar mai gudun tada wani: "An wuce kwana. An shiga lif." Can kuma, "An isa."

Sai dab da faɗuwar rana gado na ƙarshe ya isa. Mutane suna tafi a baranda, darakta yana nemana, na bi ta bayansu na hau sama. Na same ta a sabon ɗaki kusa da taga, ƙafar a miƙe, nauyin yana rataye yadda yake. Barci take yi, baki a ɗan buɗe. Ɗan Lele yana tsaye a gefen gadon.

Nas ɗin ɗakin ta ce mini, "Yayar nan taka akwai taurin kai. Tun da aka kawo ta ba ta yi barcin kirki ba saboda ciwo. Da safe muka kawo allurar da za ta sa ta barci a hanya, ta ce wallahi ba za a yi mata ba, da idonta biyu za ta tafi, akwai abin da take son gani. Ta sa aka ɗaga mata kai da filo, ta sa tabarau. Ko tsakiyar baranda ba mu kai ba barci ya ɗauke ta."

Ɗan Lele ya ce, "Hannuna ta riƙe."

Ban tambaye shi ba.

Motsinmu ya tashe ta. Ta buɗe ido, ta gyara tabarau, ta gan ni. Ta ce, "Kai kuma me kake yi a nan? Wa ka bar wa teburin? Yaushe za a zo kanmu ne, tun safe ake ce mini yanzu-yanzu."

Na ce, "An gama, Yaya. Kina sabon gini."

Ta dubi silin. Ta dubi tagar da ba ta sani ba, ta dubi ƙafarta, ta dubi nauyin. Na ga tana neman inda aka jijjiga ta, inda aka buga, inda ya ƙara ciwo, tana bin jikinta gaɓa-gaɓa yadda take bin tsarin mutane. Na tsaya ina jira kamar yaron da aka kira gaban aji.

Ta ce, "Kwanar fa?"

"An wuce da ke."

"Lif ɗin?"

"Kin hau."

Ta sake duban ƙafarta. Sannan ta ce, "Ban ji komai ba." Ta sake faɗa: "Ko kaɗan ban ji ba." Ta juya wurin Ɗan Lele ta ce, "Ka gani ko? Haka ake aiki. Ka riƙa zuwa wurinsa kana koyo."

Na dubi fuskarsa. Shi ya gano hannun masinja, shi ya ɗauki buhunan yashi, shi ya taka barandar nan yini guda, duk mu ukun mun sani. Ya ce, "To, Yaya," yana murmushi, amma na ga abin ya sauka a idonsa, na kuma gane shi, don na daɗe ina ɗauke da irinsa. Ya kamata in ce wani abu a kan rabonsa, kuma zan faɗa a rahoto. A ɗakin nan dai ban ji tausayinsa ba. Na jawo kujera na ajiye ta a gefen gadon, daidai inda yake tsaye, sai da ya matsa.